Ambulan da Ba a Buɗe Ba

Abba ya dangwarar da kofin shayi har ya fantsama kan jarida.

"Ɗan wa kika ce za ki aura?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ɗan telan nan ne, Abba, mai shago a bakin ƙofar jami'a. Dogo ake ce masa, ajinmu ɗaya."

"Na san telan! Ni ne sakataren kwamitin da ya kore shi daga jami'a shekara talatin da suka wuce. Shi ya ja ɗalibai suka ƙona laburare. Kada in ƙara jin maganar nan a gidana!"

Umma ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Abba kuwa in ya ce a'a, ko shi kansa ba ya iya lallashin kansa. Auta ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Washegari bayan lakca ta tare Dogo a gaban sashensu na tarihi.

"Ni fa na gaji, kotu za mu je a ɗaura mana aure!"

"Haba Auta, filis! Babana ya sha rantse mini ranar gobarar yana kwance a asibitin makaranta, ba wanda ya yarda. Amma ba zan ɗauke ki ta bayan gida ba. Mu jira."

Jira kuwa suka yi, wata bakwai cur, ko gaisuwa sai daga nesa. Furojek ɗinta na ƙarshe kan tarihin jami'ar ne, don haka ta mai da ɗakin adana tsofaffin takardu gidanta na biyu. Ran nan ta kwance fayil ɗin shekarar gobara, sai ga wani ambulan a maƙale can ƙasa, a liƙe, da hatimin asibitin makaranta da sunan Abba.

Tsohuwar da ke kula da ɗakin ta duba kwanan watan. "Bayan kwamiti ya tashi ya iso. A zamanin, duk abin da ya makara sai a cusa shi a fayil a ɗaure."

"Mu buɗe, Inna!"

"Ba sunanki ne a kai ba, 'yata. Kuma ba ya fita daga nan."

Tsoro ya kama ta, don ba ta san abin da ke ciki ba. Da yamma ta durƙusa gaban Abba.

"Abba, akwai wasiƙarka a jami'a. Shekara talatin tana jiranka."

Ya harare ta. Kwana uku Auta ba ta iya cin abincin kirki ba. A na huɗu ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Da suka isa ɗakin adana takardun, a tsaye ya yage ambulan. Shaidar likita ce: an kwantar da ɗalibin da aka kora kwana biyu kafin gobarar, ba a sallame shi ba sai bayan mako. Abba ya karanta sau biyu. Bai dubi kowa ba, ya fita da ƙafa, Auta na binsa, har bakin ƙofar jami'a.

Telan ya tsai da kekensa.

"Malam, na zalunce ka," Abba ya ce. "Ka yafe mini."

Telan ya daɗe yana kallonsa. "Lauya na so in zama. Ga shi na tsufa a kan keken ɗinki." Can ya ture yadin da ke kan benci. "Na yafe. Zauna."

Abba ya zauna, ya share ido. "Ka turo manyanku neman auren Auta. Ni da kaina zan tarbe su."

Da Auta ta kai mahaifinta kotu, da ta sami miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, ta sami duka biyun. Mai hukunci kuma ya ji tsoron Allah, ya saurara har ƙarshe, domin ana iya neman gafara, amma ba mai mayar wa telan shekarunsa talatin.