Bayan Faifai

A wani zamani, a wani gari, an yi wata yarinya da aka sa ranar bikin yayarta Tasalla. Murna ta hana ta zama. Ta rina kaba ja da kore, ta ce ita za ta saƙa faifan da za a kafa a ɗakin amarya.

Tana saƙa tana waƙa, tana saƙa tana waƙa. Gaban faifai ya yi kyau, amma bayansa duk tsinin kaba, kamar bushiya.

Ƙawarta ta ce, "Ke, biki ya matso, bar shi haka! Bayan faifai ai bango yake kallo."

Yarinya ta juya shi, ta sake juya shi. Ta ce, "Na Yaya ne fa." Ta warware, ta soma daga cibiya.

Ranar jere, Gwaggo ta ɗauki faifan. Ko adon ba ta kalla ba, ta kifa shi, ta shafa bayansa. Sumul!

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin bango! Da shi za a rufe furar dangin ango, kowa ya ɗaga ya gani."