Sannun Da Ya Hana Ni

"Fito ƙofar gida mu yi magana, Jannatu... don Allah."

Daga bakin get yake kira na, ƙafafunsa duka a titi. Ni kuwa ina tsakar gida ina cusa kaya a jaka, marata tana murɗawa.

"Ba inda zan fito. Mijin da ke da magana ya shigo ɗaki."

Ya san abin da nake nufi.

Mijina Sharfaddeen ma'aikacin jinya ne. Burinsa ya ci wata jarabawar Turanci ya samu aiki a Turai. Karon farko ya faɗi, wai kalmominsa ƙanana ne. Malaminsa na unguwar Kongo ya ce masa manyan kalmomi ba sa zama a kai sai ana amfani da su kullum. Shi ke nan, bawan Allah ya dawo da zafinsa, ya tsaya a tsakar gidanmu na Tudun Wada ya ce wallahi tallahi ba zai ƙara yin Hausa a cikin gidan nan ba sai ya ci jarabawa.

Da farko dariya na yi. Ya bi gidan kaf ya liƙe da ƙananan takardu, kowace da kalmarta mai tsawo kamar igiyar guga. Jikin firij, bayan ƙofa, har butar alwala ba ta tsira ba. Ni Turancina na sakandare ne, shi ma ɗinki ya cinye rabinsa. Idan yana son in fahimce shi sosai, sai ya ja ni bakin get, tunda rantsuwarsa ba ta kai titi ba. Mai shayin layinmu ya fi mahaifiyata sanin sirrin gidana.

Na haƙura, saboda ina son sa. Ina son sa har yanzu, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Sai ranar Talata na yi ɓari. Cikin da muka daɗe muna roƙon Allah.

Da aka sallamo ni daga asibiti ya kwantar da ni, ya zauna bakin gado ya riƙe hannuna, idonsa jajir. Na jira. Kalma ɗaya nake so, wadda ko maƙiyi yake ce wa mara lafiya. Ya buɗe baki, sai Turanci. Da maganar ta sarƙe masa, da idona na ga ya ɗaga kai ya dubi takardar da ke jikin wardrob, ya ɗauko kalmar ya ƙarasa min jaje da ita.

Da ɗana da ya mutu yake bitar jarabawa.

Shi ya sa ran nan na haɗa kayana, sai gidan iyayena a Tudun Jukun.

"Rantsuwa na yi da Allah, Jannatu," ya ce daga titin. "Kin sani."

"Allahn da ka rantse da Shi bai ajiye kaffara ba? Ko malamin Kongo bai kai ku wannan darasin ba?"

"Jarabawar ta matso... Ina tsoron in karya, in sake faɗuwa. Domin ki nake yi, masoyiyata. Domin gidan nan."

"Wane gida? Wanda matarsa take kuka ana fassara mata?"

Na saɓa jaka na nufi get. Yana ganin na iso bakin titi ya matso da sauri.

"To, Jannatu, san..."

"Kada ka soma!" Muryata har mai shayi sai da ya waiwayo. Na rage ta, amma ban rage zafin ba. "Ba a titi ka aure ni ba, Sharfaddeen. Ba a titi na zubar da jini ba. Ba zan karɓi jajen ɗana a gaban masu shan shayi ba. Riƙe abinka ka kai wa Turawa."

Na ɗaga wa mai Keke hannu. Kafin ya tsaya, Sharfaddeen ya fizge jakar daga kafaɗata ya juya cikin gida. Na bi shi a fusace, ina jan ƙafa, ina cewa ya ba ni kayana.

Bai tsaya ba sai ƙuryar ɗaki. Ya ajiye jakar a kan gado, ya durƙusa a gabana.

"Sannu, Jannatu," ya ce. "Sannu, matata... Har suna na zaɓa masa. Yusha'u. Na yi ta neman yadda zan gaya miki da Turanci, na rasa."

Na zube a jikinsa ina dukan ƙirjinsa, shi kuma yana ta maimaita sannu, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun ranar Talata.

Washegari shi ya dafa shinkafar kaffara da hannunsa, ta caɓe, ya kai wa mabukata goma. Takardunsa suna nan a firij da bayan ƙofa, har ni nake yi masa tambaya yana amsawa.

Ta jikin wardrob kaɗai na ɓare. Bai taɓa tambayata inda take ba.