Kunnen Hagu

"Mansir, don girman Allah ka canza min abin sauraren nan... ƙarar tana huda min kai!"

Hamsatu ta fizge shi daga kanta tana hawaye. Tun kafin azumi abin da take amsa kiran masu ƙorafin layin waya da shi yake tsuwa a kunnenta na hagu, kamar ana kankare tukunya.

Mansir, shugaban sashensu, wanda manyansa suka riga suka kai gaisuwa gidan su Hamsatu a Tirwun, ya yi murmushi.

"Haba sahibata! In na ba ki sabo, sai a ce son kai na yi. Daure kaɗan."

Da sabon ya iso, a kan Sauda ya sauka, mai kujerar gefenta, wadda ba ta fashin kawo masa kunun gyaɗa a fulas.

Hamsatu ta yi ta daurewa, baiwar Allah, har likita ya ce kunnen ya mutu.

Mansir kaɗai ta faɗa wa, amma a bakin Sauda labarin ya isa gidan su Mansir a Ƙofar Wambai. Mahaifiyarsa ta ce ita ba ta son surukar da sai an yi mata ihu.

Mansir ya ɗauke wa Hamsatu wuta, ita kuwa ta rame.

Wata rana da la'asar, a gaban kowa, ya tsaya a bayanta ya sunkuya ta hagu kamar yadda ya saba, ya daɗe yana raɗa. Ɗumin numfashinsa kawai ta ji. Daɗi ya kama ta, ta ji kunyar ce masa ya maimaita.

"To masoyina... na yarda."

Ranar Juma'a Sauda ta shigo tana rabon alewa da dabino.

"Na mene ne?" in ji Hamsatu.

"Na sa ranarmu da Oga mana!"

Hamsatu ta faɗa ofishin Mansir.

"Mansir... da gaske ne?"

"Ai na faɗa miki. Kowa ya ji kin ce kin yarda."

"A wane kunne ka faɗa?"

Bai ɗago ba. Agogonsa ya duba.

"Hutunki ya ƙare, akwai kira yana jira."

Ta koma kujerarta. Ta juya tsohon abin sauraren, ta ɗora shi a kunnen da ya rage mata. Nan take ya fara tsuwa.

"Barka da rana, sunana Hamsatu... da me zan taimaka?"