Ɗan Haya a Tsohuwar Kwamfutata

Duk layinmu babu wanda ya kai ni ƙarfin zuciya, kuma ba yabon kai nake ba. Ni ne mutumin da ya sabunta manhajar kwamfutarsa shi kaɗai, da magariba, aljani na zaune a bayansa, ko gezau bai yi ba. Ku gyara zama.

Kwamfutar tawa tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur. Tun da uwar 'ya'yana ta rasu, yaran kuma kowa ya kama gabansa, ita ce abokiyar hirata. A cikinta akwai muryar marigayiya, saƙonnin da ta riƙa ɗauka tana aika wa autarmu lokacin tana karatu a nesa. Ba wasu manyan maganganu ba ne. "Yana ɗauka kuwa? Malam, rage rediyon nan mana." Sai dariya, sai tari. Kullum in rana ta faɗi nakan kunna, in ci abincina tana yi mini faɗa.

Sai kwamfuta ta fara damuna da saƙo, wai sabon tsari ya fito, tsohon an daina kula da shi. Auta ta bugo waya: "Baba, ka sabunta kafin ɓarayin intanet su shigo maka." Mai gyara na bakin titi ya ce abin ba wuya, sharaɗi biyu ne. In kwashe kayana a filas tukuna, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, don wani lokaci sabon tsari yakan share gida kafin ya tare. In an fara kuma, kada in kashe.

Ran nan da yamma na fita sayen filas, na tarar mai gyaran ya rufe shago. Na juyo. Titin shiru, ƙofofi a rufe, fitilar kan kwana tana ƙiftawa kamar mai ciwon ido. Babu wanda zan gaisar. Na ce a raina, namiji kamata zai tsaya jiran filas?

Na shiga ɗaki, na zauna, na danna.

Allo ya yi shuɗi. Wani ɗan zobe ya fara juyawa, lamba tana hawa a ƙasansa. Fankar cikin akwatin tana huci yadda ta saba. Can sai lambar ta tsaya cak.

Na ji wari. Kamar roba ta ƙone, kamar kuma ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Hucin fankar ya canza. Yana shiga, yana fita. Fanka ba ta shaƙar iska, jama'a.

Allon ya mutu, ya zama baƙin madubi. Na ga fuskata a ciki. Na ga kujerar marigayiya a bayana, wadda ba wanda ya sake zama a kanta.

Da mutum a kai.

Dogo ne, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ban waiwaya ba, ba don tsoro ba, wuyana ne ke ciwo kwanakin nan.

"Ina za ka kai mu?" ya ce, ƙasa-ƙasa, ta cikin sifika.

Na ce, "Wa ke magana?" Muryata ta ɗan sirance, sanyi ne ya kama ni.

"Ɗan haya. Tun ranar da ka sayo kwamfutar nan nake ciki. Kullum tare muke sauraren matarka."

Kujerar ta yi ƙara. Ya matso.

"In sabon ya shigo, ni fita zan yi. Kuma ba zan fita hannu banza ba."

Sai ya buɗe baki, muryarta ta fito. "Malam, rage rediyon nan mana."

Daga bayana. Dab da kunnena.

Na shiga ƙarƙashin tebur, don in duba ko waya ta saki. Daga nan ina ganin ƙafafunsa. Ba su taɓa ƙasa.

"Yana ɗauka kuwa?"

Na kama akwatin na rungume. Zafi kamar murhu. Na ce, "Ita ba kayanka ba ce." Na yi ta addu'a, duk wadda na sani da wadda na ƙirƙira. Yana ja, ina ja. Zoben ya dawo yana juyawa, lamba ta hau, ta hau, ta cika. Wani hayaƙi ya fita ta ramin fanka, ya bi ta taga. Ni kuma na fita shan iska, takalmi ɗaya a ƙafa, na kwana a bencin mai aski saboda ɗakin ya yi zafi.

Tun daga ranar kwamfuta ta zama sabuwa fil, ɗan haya ya tashi, warin ya tafi. Ni dai na daina cin abinci da kujerar nan a bayana, na mayar da ita gabana.

Ranar hutu Auta ta zo. Ina ba maƙwabci labarin a bakin ƙofa, ita tana ciki ta kunna kwamfutar. Na kai daidai wurin hayaƙi sai ta leƙo.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"Tsohon tsarin ne har yanzu. Ga saƙon nan yana jira. 'Tuna mini an jima' ka yi ta dannawa."

Maƙwabci ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na ce ai aljanin ne ya mayar da shi, sun iya wannan.

Ba ta yi dariya ba. Ta ciro filas daga jakarta, ta jawo kujerar uwarta ta zauna.

"Zo ka nuna mini inda muryar Mama take. In na kwashe, sai mu danna tare."