Wankan Sallar Kifayen Hazim

Basant 'yar shekara goma ce, amma akwai ta da rawar kai. Aikin da ba a sa ta ba, shi take fara yi. A birnin Iskandariya suke zaune, a hawa na huɗu, ita da Mama da Kaka.

Yayanta Hazim ya tafi aikin soja. Kafin ya tafi, ya damƙa mata akwatin gilashinsa mai jajayen kifaye huɗu. Shekara uku yana kiwonsu. Babban cikinsu har suna ya sa masa, wai Basha. Ya ce ta riƙa ba su abinci ɗan kaɗan da safe, kada ta taɓa komai. Ta ce ta ji. Ina fa ta ji.

Salla saura kwana uku, gida ya kacame da aiki. An shanya darduma a baranda, an sauke labule. Kaka ta toya kahak na gwaji, biskit ɗin nan na salla, sauran kuma Mama ta jera a faranti ta tafi kai wa masu gidan burodi su gasa. Basant ta duba falo. Komai na ƙyalli, ban da akwatin kifi. Akwai ɗan kore-kore a jikin gilashin.

"Ai su ma sai sun yi salla," in ji ta.

Ta kwashe kifayen ta zuba a tukunya. Ta zubar da ruwansu tas. Ta wanke tsakuwar, ta dirje soson da ke tace ruwa har ya yi fari fat. Ta cika akwatin da ruwan famfo, ta mayar da kifayen. Ɗan injin nan mai hura musu iska kuwa, ta cire shi ta jefa a kabad, wai wayarsa na ɓata ado.

Ba a yi awa ɗaya ba, kifayen suka taso sama. Suna ta buɗe baki suna rufewa. Basant ta ce yunwa ce. A gidansu, wanda duk ya buɗe baki abinci ake tura masa. Sai ta murmushe musu kahak guda biyu, har da sukarinsa. Ruwa ya yi dususu, kifi ko kallon abincin bai yi ba.

Kaka ta leƙo ta ce ba wata yunwa, ido ne. Ai jiya maƙwabciyarsu ta yaba kifayen nan ba ta ce masha Allah ba. Ta ɗauko kaskon turare ta cika falon da hayaƙi. Masu neman iska, an ƙara musu da hayaƙi.

Haka Mama ta dawo ta same su. Basha ya karkace gefe guda.

"Basant, kin taɓa akwatin nan?"

"Gilashin kawai na goge, Mama."

Mama ta dafe kai. Ta aike ta ƙasa ta kira Kawu Girgis, mai shagon tsuntsaye da kifaye. Tsohon ya hau bene huɗu yana haki, da jakarsa a hannu. Ya buɗe taga, ya roƙi Kaka ta yi haƙuri ta fita da turarenta. Kaka ta fita tana gunaguni.

Ya tambayi inda injin iska yake. Basant ta ɗauko shi daga kabad, kanta a ƙasa. Aka kunna, kumfa ta fara tashi. Aka jira. Kifayen ba su sauka ba.

Kawu Girgis ya sa tabarau ya nuna mata gefen kan Basha. Akwai wani ɗan murfi a wurin, yana ta buɗewa da sauri. Ya ce ta nan kifi ke numfashi, ga shi cikin ya yi jawur. Ya ce abu uku ke kawo haka: ƙarancin iska, ko ruwa marar kyau, ko ƙwayar cuta. Kowanne kuma maganinsa daban.

"An canja ruwan nan yau?"

Basant ta kau da kai. Mama ta ce yarinyar ta ce gilashi kawai ta goge.

"To, in ba a taɓa ruwa ba, cuta ce," in ji shi. Ya ciro wata shuɗiyar kwalba. "Amma maganin nan yana da ƙarfi. In ruwan famfo ne ya ƙona musu wurin numfashi, shi zai ƙarasa su. Kifi ba ya magana, 'yata. Wanda ya san abin da ya faru, shi zai faɗa."

Ya buɗe kwalbar a hankali. Basant ta kalli Basha. Tsoron faɗan Mama ya kama ta, amma tsoron mutuwar Basha ya fi. Ta riƙe hannun tsohon.

"Kawu, tsaya. Ni ce. Duk ruwan na zubar, na sa na famfo. Na wanke soson. Na ba su kahak."

"Kahak?" in ji Mama. "Kifi? Ni kam na gaji da ke."

Kawu Girgis ya ce a ajiye faɗa sai an jima. Ya kwashe burbushin kahak da ɗan raga. Ya ɗiga wani magani daban, mai kashe sinadarin da ake sa wa ruwan famfo. Ya ce sinadarin yana tsaftace mana ruwan sha, amma yana ƙona kifi. Soson nan kuma da Basant ta raina, akwai wasu ƙananan halittu a ciki masu cinye ƙazantar kifi. Ta wanke su duka, sai sun sake haihuwa.

Ya kafa mata doka. Kwana biyu ba abinci. Kullum a rage ruwa kaɗan, a ƙara wanda aka ɗiga wa magani. Mama ta ce Basant ce za ta yi duk aikin da kanta, ba zuwa bakin teku da ƙawaye. Kuma da bakinta za ta gaya wa Hazim a waya.

Ta gaya masa tana kuka. Ya saurare ta har ta gama. Daga baya ya ce ta kula masa da su.

Washegari ƙanana ukun suka sauka ƙasa. Basha kuwa yana nan a karkace. Basant ta yi ta jigilar ruwa, ko wasa ba ta iya yi.

Ranar salla da safe, ta zo wucewa da sabuwar rigarta, sai ta tsaya cak. Basha ya miƙe. Yana iyo a ƙasa yana tonon tsakuwa. Ta jefa ƙwayar abinci ɗaya tak, ya taso ya cafke. Ta ruga ta rungume Mama, har ta kusa kayar da ita.

Tun daga ranar, in Basant ba ta san abu ba, tambaya take yi kafin ta sa hannu. In kuma ta yi kuskure, tana faɗa da wuri. Ta gane cewa wankan da ta yi musu ya cuce su, amma ƙaryar da ta yi ce ta kusa kashe su.