Masu Lungun Bayan Ɗaki

Rana ta faɗi a Birnin Kudu amma zafinta bai tafi ba. Bazarar waccan shekarar ta kai mutane bango. Duwatsun da suka kewaye garin sukan wuni suna shan rana, da magariba su amayo ta kan jama'a. Hajiya Kaltume na zaune a tsakar gida tana tuƙa tuwo, gumi na ɗiga daga haɓarta. An ɗauke wuta tun hantsi, janareta na ruri a bakin zaure. Mijinta Alhaji Maliki, mai motocin haya da ke zuwa Kano, yana ɗakinsa ya rufe ƙofa, esin da ya sayo, wato na'urar sanyaya ɗaki, na hura masa sanyi.

Dutsen farko a kan kwanon rufi ya faɗo. Kaltume ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo dab da ƙafarta. Ta kai hannu ta ɗauka, ta sake shi da salati, don zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi.

Da can gidan na ƙasa ne. Ɗakin surukarta marigayiya Inna Tani soro ne mai kaurin bango, ko a tsakiyar bazara mutum ya shiga sai ya sauke numfashi. A bayansa akwai lungu da wata tsohuwar darbejiya. Da Allah ya buɗa wa Alhaji, ya rushe soron ya tayar wa kansa da ɗakin bulo a wurin, ya rufa kwano, ya sare bishiyar don saiwarta na fasa gini. Ɗakin ya zama tanda. Hawan jininsa ya tashi, barci ya ƙaurace masa, shi ne ya sayo esi. Akwatinsa na waje kuwa a lungun aka kafa shi, yana fesar da iska mai ƙuna dare da rana.

Jifan bai tsaya ba. Duk magariba, da an tayar da janareta, sai duwatsu su fara zubowa. Wani lokacin a ji nishi daga lungun, wani lokacin kukan jaririn da ya gaji da kuka. Alhaji ya ce aikin mahassada ne. Kaltume dai sai ta tattara duwatsun ta zubar.

Sai wata yamma ta aiki 'yarta Sa'adiyya ta kwaso shanya a lungun. Yarinyar, wadda ke shirin jarrabawar gama sakandare, ta dawo hannu wofi, idanunta a ƙasa. Tun daga ranar ta daina magana. Sai ta kwanta a gindin randa ta manna kumatunta jikin randar, ta riƙa kwara wa kanta ruwa har zaninta ya jiƙe. Jikinta zafi rau, amma a asibiti suka ce ba zazzaɓi. Kaltume ta yi jinya har ƙafafunta suka kumbura. Tsoron ma ya gaji ya bar ta, sai wata kasala mai nauyi da ta zauna mata a ƙirji.

Yayan Kaltume ne ya ɗauko Malam Abdurra'uf daga Fagam, can ƙasar Gwaram. Dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya iso bayan la'asar, ya leƙa lungun, iskar akwatin ta daki fuskarsa, ya daɗe a tsaye. Ya dawo ya zauna kan tabarma kusa da yarinyar ya fara karatu a hankali. Kaltume ta riƙe mata kai. Alhaji na tsaye a bakin ƙofarsa.

Inuwa ta rufe tsakar gida kafin Sa'adiyya ta motsa. Ta tashi zaune, bayanta ya ranƙwafa kamar na tsohuwa. Muryar da ta fito daga bakinta a dishe take.

"Malam, sassauta. Ƙunar da nake ciki ta ishe ni."

"Wace ce ke? Musulma ce?"

"Musulma ce. A lungun nan muke tun Tani tana amarya. Ba mu taɓa fasa mata ko ƙwarya ba."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Jikinta ne kawai ke kai ni bakin randa." Ta ja numfashi. "Sun sare mana inuwa, muka haƙura. Sai suka kafa mana wuta a ka. Shi yana ciki yana jan bargo, jikana yana waje fatarsa na saɓulewa."

Kaltume ta waiwaya wajen lungun. Ta tuna kukan jaririn.

"An cuce ki," in ji Malam, "amma ke ma kin yi zalunci. Ki fita, ki koma duwatsu."

"Duwatsun sun zama kasko. Dajin da muka sani ya tafi a gawayi. Duk gidan da muka leƙa a Kano, irin akwatin nan ne jere a bango. Ina za mu?" Ta juya ta kalli Alhaji. "A farfasa shi, in fita."

"Malam, in na kashe shi ba na barci," in ji Alhaji. "Wallahi ba don alfahari na saya ba."

Aka daɗe ana ja. Ta nemi a yanka mata baƙin akuya, Malam ya ce ko kaza ba za a yanka ba. Ta nemi a bar mata yarinyar zuwa faɗuwar damina, ya ɗaga murya da karatu har ta yi kururuwa. Daga ƙarshe Alhaji ya yarda zai cire akwatin daga lungun, ya dasa wata bishiyar, ya sa a yi wa ɗakin silin da taga, ya riƙa kunna esin sai in zafi ya gagara. Ita kuma ta rantse za ta fita, ba za ta sake taɓa kowa a gidan ba.

"Kafin bishiyar ta yi inuwa fa?" Kaltume ta ji bakinta ya tambaya.

Idanun suka juyo gare ta, jajaye, cike da gajiya irin tata. "Haƙuri, 'yar nan. Kamar ke."

Sa'adiyya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, sanyi nake ji." Kaltume ta lulluɓe ta da mayafinta, ta fashe da kuka.

Washegari aka mayar da akwatin bangon gabas. Jifa ya ɗauke, yarinya ta koma makaranta.

Ba a yi mako ba maƙwabciyarsu Batulu ta yi sallama, goye da ɗanta, duk wuyansa ƙurajen zafi. Ta zauna ta sha ruwa, ta ce tun da aka juya akwatin iskarsa tagarta take shiga, yaro ba ya runtsawa.

"Ba ƙara na kawo ba, Hajiya," ta ce. "Maigidana ya ce shi ma zai sayo nasa a Kano. Sai dai bangon da za mu kafa akwatin guda ne, wanda ke kallon madafinki."

Kaltume ta dubi madafin, ta dubi yaron. Ta jawo mafici ta fara yi masa fifita.

"Allah ya kawo damina," ta ce.