Neman Kubura

Ran da Mushe Lurwanu (mushe ake ce wa malamin makaranta a nan) ya shiga garejin Alhaji Illo a Malbaza roƙon rumfa, ya tarar da Kubura, ɗiyar Alhajin, zaune bisa tayar babbar mota tana koya wa ƙannenta karatu. Sai da ta tambaye shi sau biyu kafin ya tuna abin da ya kawo shi.

Shekara uku yaran unguwar na faɗuwa jarrabawar sartifika. Kwamitin lakwal, wato makarantar boko, ya yanke a riƙa karatu bayan la'asar. Direbobin siminti suka ɗauki nauyin alli, mata suka kawo tabarmi, Alhaji ya ba da rumfa. Saura mai koya wa 'yan mata, don iyaye sun ƙi barin ɗiyansu wurin namiji bayan an tashi. Lurwanu ya ambaci Kubura da saurin da ya wuce kima.

Kwamiti ya tafi da goro, bisa al'ada. Shugabansa Ɗan'azumi, tsoho mai taƙaita magana inda bai kamata ba, ya ce, "Alhaji, mun zo nema wa mushe Kubura."

Alhaji ya dubi goron, ya ce ɗiyarsa ta fi ƙarfin malamin kwantiragi, ga direbansa Alhasan na jira. Rumfar ma ya fasa.

Kubura ta aiko saƙo ta salula: "Mushena, yara arba'in sun rasa inuwa saboda kai. Zo ka gyara."

Ya amsa: "Gobe, sanyin idona. Ko zai kore ni sau goma."

Sau huɗu aka kore shi. A na biyar ya samu ya bayyana cewa malama kwamiti ke nema.

"Ashe ba ka son ta?" in ji Alhaji, ransa ya ƙara ɓaci.

"Kwamiti na son malama, Baba. Ni ina son Kubura. Amma a fara ba yara rumfa."

Daga bayan ƙofa Kubura ta ce in an hana, a gindin dogon yaro za ta koyar, Alhasan kuwa ya nemi wata.

Alhaji ya buɗe rumfa. A watan Yuni 'yan mata goma sha ɗaya suka ci jarrabawar, har da ɗiyar ƙanensa. Bayan girbi aka ɗaura auren Lurwanu da Kubura, Alhaji na gaya wa kowa tun farko shi ya hango abin. Ba wanda ya musa.

Allah ya ba su zuri'a, ya bar su tare fiye da yadda yake barin wasu.